Tsohuwar karaya ce da ta ƙi haɗewa, ko ƙari ne a ƙashin hannu?

Ƙaramin Likita:
Assalamu alaikum manyanmu, barkanku da aiki. Ina neman a warware mini wani abu da ke rikita masu koyo irina. A ce ga matashi ɗan shekara 25 da kumburi mai tauri a tsakiyar damtse, ciwon bai tsananta ba sai in ya ɗaga kaya. Eksire ya nuna ƙashin ya buɗe a wurin kamar tulu, gefensa fari fat, tsakiyarsa da duhu. Ya ce ya faɗi bara amma ba a yi masa hoto ba. Rahoton hoto ya ce ƙari ne mara illa, a ƙara bincike. Ta ina ake farawa don a gane karaya ce da ba ta haɗe ba ko ƙari ne na gaske?

Likitan Ƙashi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye hoton tukuna ka koma kan majinyacin. Tambaye shi wanne ya riga, ciwo ko faɗuwa. In hannun lafiya lau yake har ranar da ya faɗi, kuma faɗuwar mai ƙarfi ce da za ta iya karya ƙashin matashi, hankalinka ya karkata ga karaya. In kuwa ya ce makonni kafin nan hannun na yi masa ciwo da dare, ko ya karye ne wajen jifa ko ɗaga abin da bai kai ya kawo ba, to akwai abin da ya riga ya cinye ƙashin. Tambaye shi kuma ko kumburin na ƙaruwa. Ɗanyen ƙashin da ke taruwa a kan karaya yana girma cikin watannin farko sai ya tsaya, wani lokaci ma ya ɗan ragu. Wanda ke ci gaba da girma bayan shekara ba ɗori ba ne.

Daga nan ka sa hannu. Kama sama da ƙasan kumburin, ka gwada tanƙwara a hankali ta fuska biyu, ka ɗan murɗa. In ya motsa a inda babu gaɓa, ka sami rabin amsarka. Kada rashin ciwo ya yaudare ka: karayar da ta daɗe takan yi gaɓar ƙarya, da ruwa a tsakani da tantani kewaye, ta riƙa motsi ba zafi. Irin waɗannan za ka tarar kafaɗa ko gwiwar hannu ta sandare, domin motsin duk ya koma wurin karayar. Ka duba ko yana iya ɗaga wuyan hannu da babban yatsa, saboda jijiyar radiyal a bayan tsakiyar ƙashin damtse take bi, ɗanyen ƙashi na iya rufe ta.

Batun lokaci kuma, ma'anar da aka fi ambata ita ce wata 9 bayan rauni tare da wata 3 a jere ba ci gaba a hoto. A damtse ba ma jira har haka. Wanda ya kai wata 6 bai haɗe ba mun ɗauke shi a wanda ya ƙi, kuma in har yana motsi sosai a mako na 6 da wuya ya haɗe da kansa.

Mai Karatun Hoto:
Yallaɓai ya gama da hannu, bari in ɗora da ido. Yawancin wannan ruɗani daga hoto ɗaya yake tasowa. In bakin karaya biyu suka hau kan juna, kuma aka ɗauki hoton ta gaba kawai, layin karayar zai ɓuya, abin da za a gani shi ne duhu a tsakiya da farin baki kewaye, kamar kogon ruwa na cikin ƙashi ko enkondiroma, wato ƙarin guringuntsi mara illa. Saboda haka hoto biyu masu kusurwa 90 tsakaninsu, kafaɗa da gwiwa duk su fito, in an ga dama a ƙara na karkace biyu. Kuma majinyacin ake juyawa gaba ɗaya don hoton gefe. In aka murɗa hannun kawai, ɓangaren ƙasa ne zai juya a kan karayar, na sama ya tsaya yadda yake, sai ka sami hoton gaba sau biyu ba ka sani ba.

Abin da nake nema shi ne layi. Duhun karayar da ta ƙi haɗewa tsaga ce da ke ratsa ƙashi daga ɓawo zuwa ɓawo, bakunanta sun yi santsi sun yi fari, ramin ɓargo ya toshe a sama da ƙasa kamar an sa murfi. Duhun ƙari kuwa dunƙule yake, zagaye ko mai kamar ƙwai, kuma ramin ɓargo yake faɗaɗawa daga ciki yana sirantar da ɓawo. Sai saitin ƙashin: ja layi ta tsakiyar ɓangaren sama da na ƙasa, in ba su haɗu ba, ko akwai lanƙwasa daidai kan kumburin, wannan aikin karaya ne.

Likitoci Weber da Cech, a rabe-rabensu na 1976 na karayar da ta ƙi haɗewa, sun kira mai yawan ɗanyen ƙashi ƙafar giwa, mai matsakaici kofaton doki. Ƙafar giwar ce ke kama da ƙari mai fitowa waje. Wanda bakunansa suka tsotse suka bar rami kuma shi ke kama da ƙarin da ke cin ƙashi. Kama da wane dai ba wane ba ne.

Wuri ma yana magana. Kogon ruwa na yara a saman ƙashin damtse yake zama, ƙasa da layin girma (guringuntsin da ƙashi ke ƙara tsawo daga gare shi), a cikin ramin ɓargo. Ƙarin manyan ƙwayoyi yana son ƙarshen radiyos, ƙashin sangalin hannu na ɓangaren babban yatsa, wajen wuyan hannu, bayan layin girma ya rufe, shekara 20 zuwa 40, kuma yana taɓo gaɓa. Ostiyokondiroma, tsiron ƙashi mai hular guringuntsi, kusa da ƙarshen ƙashi yake fitowa. Tsakiyar tsawon ƙashi tsantsa ba gidan yawancinsu ba ne, amma gidan karaya ne.

Ƙaramin Likita:
Na gode ranki ya daɗe. To in eksire huɗun ba su raba gardama ba, ba MRI ya kamata a nema kai tsaye ba? Mu dai an koya mana ƙari sai MRI.

Mai Karatun Hoto:
Ya danganta da tambayar da kake yi wa na'urar. In tambayar ita ce akwai tsaga ko babu, CT ne, yanka sirara na milimita 1 ko ƙasa, a sake gina hoton a tsaye ta gaba da ta gefe bisa tsawon ƙashin. Nan za ka ga tsagar, ka ga ko akwai gadar ƙashi da ta tsallake ta. Aibinsa ɗaya: yana iya nuna tsaga a ƙashin da a zahiri ya riƙe, don haka a haɗa shi da abin da hannu ya ji. CT ɗin kuma shi ke warware batun ostiyokondiroma, domin sharaɗinsa ɓawo da ɓargon ƙarin su zarce cikin na uwar ƙashin ba yankewa. Ɗanyen ƙashin karaya a kan ɓawo yake zaune, in ka duba da kyau tsohon ɓawon na nan a ƙarƙashinsa.

MRI na amsa wata tambayar ce, wato me ke cikin ɓargo. A hoton T1, salon MRI da kitse ke fitowa fari a cikinsa, ƙari na maye gurbin kitsen ɓargo da iyaka tsararriya, kamar an ja da alƙalami. Kumburin karaya iyakarsa a dagule take, da ɗigon kitse a cikinsa. A karayar da ta shekara, ɓargon sama da ƙasan tsagar ya kamata ya koma fari kamar na lafiya, in bai koma ba sai a nemi dalili. Amma MRI na makonnin farko bayan rauni yana da tsoratarwa: jini, kumburin tsoka, har shimfiɗar ruwa hawa biyu duk ana gani ba tare da ƙari ba. Hoton aisotof kuwa, wanda ake ɗauka bayan allurar sinadari mai haskawa a ƙashi, kusan bai da amfani a wannan rabuwa, duka biyun haske suke yi, sai dai in an ga tsaga mai sanyi tsakanin wurare biyu masu haske, alamar gaɓar ƙarya.

Abin da ya fi duk waɗannan daraja shi ne tsohon hoto. Ko wanda aka ɗauka da waya ne daga fim, a nemo. Ganin lafiyayyen ƙashi da sabuwar karaya a ranar rauni ya kashe maganar.

Likitan Ƙari:
Na yarda da Hajiya Mai Karatun Hoto a kan komai, amma ina jin tsoron inda zaren nan ya nufa. Kowa na nuna yadda za a gane karaya ce. Kuskuren da ke ɗauke hannu, wani lokaci har da rai, ta ɗaya ɓangaren yake zuwa. Ganin tsaga bai kore ƙari ba, domin ƙari na karya ƙashi, kuma kusan kowa in ka matsa masa zai tuno wata faɗuwa.

Ga abin lura: karayar da ta bi ta kogon ruwa mara illa haɗewa take yi, yawanci cikin mako 6 da rataye hannu kawai, ko da kogon bai cike ba. Saboda haka in akwai rami a ƙashi, ga karaya ta cikinsa, kuma ta ƙi haɗewa, kalmar "mara illa" ita ce abin tuhuma. A nemi ɓawon da ya yi kamar asu ya ci, iyaka mai faɗi wadda ba a san inda ta tsaya ba, tantanin ƙashi da ya ɗaga ya katse ya bar kusurwar Codman, dunƙulen nama a wajen ƙashi. A ƙarin guringuntsi, in ya kwarzane fiye da kashi biyu cikin uku na kaurin ɓawo daga ciki, ko hular ostiyokondiroma ta wuce santimita 2 a babba, a yi zaton kondirosakoma, sankarar guringuntsi. Kogon jini mai shimfiɗar ruwa kuma yana da tagwai mugu, sankarar ƙashi ostiyosakoma mai kogunan jini, wanda bangayensa ke da kauri da ƙulli masu ɗaukar rinin da ake yi wa majinyaci allurarsa don hoto.

Wanda ya haura shekara 40, ramin ƙashi sankara ce da ta yaɗo ko mayeloma, sankarar ɓargo, har sai an kore su. Inda ta fi yaɗowa daga shi ne nono, furostet, huhu, ƙoda, tayirod. A yi gwajin jini, kalsiyam, aikin ƙoda, rarraba furotin na jini, CT na ƙirji da ciki. Kuma kada a kuskura a zura sandar ƙarfe ta cikin ɓargo a rami guda ɗaya da ba a san mene ne ba. In sakoma ce, wato sankarar da ta taso a ƙashin kansa, an shuka ta daga kafaɗa har gwiwa, kuma tiyatar da za ta ceci hannun ta kuɓuce.

Likitan Ƙashi:
Gaskiya ne ranka ya daɗe. Sai dai kada mu sa yara su riƙa tura kowace ƙafar giwa bayofsi, wato ɗibar nama don gwaji. In tsaga ta ratsa, bakuna sun toshe, ɓargo ya koma kitse a sama da ƙasa, babu nama a waje, to ba a bukatar allura. A shiga a gyara, a tura abin da aka kankaro ɗakin gwaji kamar kullum.

Mai Madubi:
A nan ina bayan Yallaɓai Likitan Ƙashi, kuma dalilina daga teburina na duba nama a ɗakin gwaji yake. Babu abin da ke kama da ostiyosakoma a madubi kamar ɗanyen ƙashin karaya na mako 1 zuwa 3: ƙwayoyi cunkus, suna rabuwa da sauri, ga ɗanyen ƙashi barkatai. Wanda ya tsufa bai haɗe ba kuma cike yake da guringuntsi da zare, in allura ta ɗebo guringuntsin kaɗai sai a rubuta enkondiroma, ko ma a haura a ce kondirosakoma. Garin neman gira a rasa ido.

Abin da ke raba su tsari ne. Ɗori yana tafiya daki-daki, daga zare zuwa guringuntsi zuwa sabon ƙashi, kowane sili da jerin ƙwayoyin gini a gefensa, kuma rabuwar ƙwayoyin ba ta da siffa bauɗaɗɗiya. Kondirosakoma kutsawa take yi tsakanin tsoffin silayen ƙashi ta kewaye su. Wannan tsari ba ya fitowa a ɗan tsinke guda, don haka in za a yi, a ɗebo sili 3 zuwa 5 da allura mai kauri, lamba 14 ko wadda ta fi ta kauri, daga tsakiya da gefe. A rubuto ranar rauni a takarda, a turo hoton tare. Takardar da ta ce "kumburin hannu" kawai gayyatar kuskure ce.

Roƙo ɗaya: a bar mu mu tausasa ƙashin da EDTA, sinadarin da ke zare kalsiyam a hankali, ko da zai ɗauki kwanaki. Asid mai ƙarfi na lalata abin da ake bukata don gwajin ƙwayoyin halitta. A wannan gwajin, sauyi a ƙwayar halittar USP6 na nuna kogon jini na asali, H3.3 G34W na nuna ƙarin manyan ƙwayoyi, GNAS na faiburos displeshiya, inda zare ke maye gurbin lafiyayyen ƙashi. Kuma duk inda aka ga manyan ƙwayoyi, a auna kalsiyam da homon ɗin paratayirod kafin a sa suna, saboda ƙari mai ruwan ƙasa da yawan wannan homon ke jawowa kamarsu ɗaya da ƙarin manyan ƙwayoyi a madubi.

Likitan Ƙari:
To mun haɗu a tsakiya. Sharaɗina shi ne in za a yi bayofsi, wanda zai cire ƙarin in ya zama mugu shi zai zaɓi hanyar allura, domin hanyar ma cirewa ake yi. A saman damtse ta gaban tsokar kafaɗa, deltoyid, ake bi, ba ta kwarin da ke tsakaninta da tsokar ƙirji ba, ba kuma ta baya ba inda jijiyar da ke motsa ta take shigowa. In yanka ne, bisa tsawon hannu, ba a gicciye ba. Kuma MRI kafin allura, ba bayanta ba.

Likitar Yara:
Ku ba ni wuri in sa na yara, domin nasu daban ne. A gwiwar hannu, guntun gefen waje da ya karye bai haɗe ba yakan dawo bayan shekaru a matsayin ƙulli mai tauri. Yawancinsa guringuntsi ne lokacin raunin, shi ya sa ake raina shi a hoton farko, kuma sai hoton karkace ta ciki ke nuna ainihin tazararsa. Wanda ya wuce milimita 2 kamawa ake yi da ƙarfe. In aka bar shi, ruwan gaɓa da jan tsokoki su hana shi haɗewa, gwiwa ta karkace waje, can gaba jijiyar alna ta miƙe, ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa su fara mutuwa. Guntun gefen ciki ma haka, yana zama zagaye da santsi kamar ostiyokondiroma, amma ba ya haɗe da ɓargon uwa. A tuna jerin fitowar cibiyoyin ƙashin gwiwa, inda guringuntsi ke fara zama ƙashi, wajen shekara 1, 3, 5, 7, 9, 11, kuma a ɗauki hoton ɗaya hannun in an yi shakka.

Akwai kuma ɗan rami da ke bayyana a radiyos makonni ko watanni bayan karayar ɗanyen itace, ɗan sama da inda aka karye. Kitsen ɓargo ne ya maƙale a ƙarƙashin tantani. Ba ya girma, ba ya ciwo, MRI ko CT na nuna kitse, yana ɓacewa da kansa. A bar kaza cikin gashinta.

Biyu kuma da ba a so a manta. Yaron da ƙashin sangalin hannunsa ya sirance kamar tsinke ya ƙi haɗewa, a tuɓe shi a ƙirga tabo masu launin ƙasa-ƙasa a fata, 6 ko fiye masu wuce milimita 5 kafin balaga na nuna niyurofaiburomatosis, wata cutar jijiya ta gado, kuma ɗorin yau da kullum ba ya kama wannan. Sai mai gautsin ƙashi na gado nau'i na 5, wanda ke tara ɗanyen ƙashi jibgege mai zafi kamar sakoma. Hoton sangalin hannu zai nuna tantanin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu ya zama ƙashi, sau da yawa kan radiyos ya goce.

Mai Gashin Ƙashi:
Tambaya daga ɓangarenmu, Dokta. Ƙulli mai tauri a gaban damtse bayan bugu ko gocewar gwiwa, wanda ake turo mana a motsa, yaya za a bambanta shi da waɗannan?

Mai Karatun Hoto:
Malam, wannan galibi ƙashi ne da ya tsiro cikin tsoka. Yana fara bayyana a eksire wajen mako 3 zuwa 4, zuwa mako 6 zuwa 8 ya yi ɓawo. Daga gefe yake nuna, bakinsa fari tsakiyarsa duhu, da siririn fili tsakaninsa da ƙashi. Sakomar da ke zaune a kan ɓawo akasin haka take, gindinta da tsakiyarta ne suka fi tauri. Kada a matsa shi da ƙarfi, a bar majinyaci ya motsa da kansa iya inda ba zafi. A nan maimaita hoto bayan mako 4 ya fi allura.

Tun da an zo nan, akwai abubuwan halitta da ake kai wa tiyata a banza: tudun da deltoyid ke kamawa a tsakiyar damtse, duhun da ke kan babban tudun kafaɗa, tudun radiyos da ke fitowa kamar rami a hoton gefe, da ɗan ƙugiyar da ke wajen santimita 5 sama da gefen ciki na gwiwa. Ita ƙugiyar gaɓa take kallo, ostiyokondiroma kuwa baya yake ba gaɓa.

Ƙaramin Likita:
Allah ya ƙara basira. Saura ƙwayar cuta, ban ji an taɓo ta ba.

Likitan Ƙashi:
Ka yi daidai da ka tuno, ita ce ta uku a kowace irin wannan gardama. Duk karayar da ta ƙi haɗewa, musamman wadda ta taɓa buɗewa ko aka taɓa sa mata ƙarfe, ana zaton ƙwayar cuta. CRP da ESR, gwaje-gwajen jini na kumburi, a yi su, amma fitowarsu lafiya ba ta wanke kowa ba. Ƙurjin Brodie, daɗaɗɗen ƙurji na cikin ƙashi, na yin rami mai farin baki kamar ƙari, a T1 yana da siririn zobe mai ɗan haske a bangonsa. A tsayar da antibayotik mako 2 kafin tiyata in hali ya yi, a ɗauki nama 5 daga zurfi, kowanne da kayan aikinsa daban, ba auduga daga bakin rauni ba. Kusa da kafaɗa a gaya wa ɗakin gwaji su riƙe shukar kwana 14, domin ƙwayar da ta fi yawa a wurin a hankali take tsirowa, a kwana 5 za a ce babu komai.

Sannan a tambayi dalilin ƙin haɗewar: taba sigari, ciwon sukari, ƙarancin bitamin D, matsalar tayirod, doguwar shan magungunan kashe kumburi. Ƙafar giwa jini gare ta, motsi ne ya hana ta, don haka matsewa take so da faffaɗan ƙarfe na milimita 4.5 a damtse, sukurori su kama ɓawo 6 zuwa 8 kowane ɓangare, na 3.5 a sangalin hannu. Wadda ta tsotse sai an yanke matattun bakuna har jini ya ɓullo, an buɗe ramin ɓargo, an cika da ƙashin ƙugu. Gaɓar ƙarya a cire tantaninta duka. A nemo jijiyar radiyal daga lafiyayyen wuri kafin a taɓa kumburin.

Mai Madubi:
Kuma abin da aka kankaro a raba shi biyu tun a ɗakin tiyata, na shuka a busasshiyar kwalba mai tsabta, nawa a fomalin. In aka zuba duka a fomalin, maganar shuka ta ƙare.